Injin da Na Sa Aka Naɗe a Leda

Litinin, 6 ga Janairu

Kwana goma sha bakwai.

Littafin nan nasa ne. Rabin farko zane-zane ne da lambobi, sauran shafukan babu komai, shi ya sa na juya shi na fara daga baya. Rubutuna ba kyau, a aji biyu na sakandare na tsaya, amma ba wanda zai karanta.

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Sai Habsatou, 'yar Maraɗi da ƙofarta ke kallon tamu, ita ce ke leƙo ni da safe kafin ta tafi shagonta a kasuwar Tianxiu. Takan ce, Turai, kin ci wani abu? In ce na ci. Ta san ban ci ba.

Mutane suna ce masa Injiniya Abdulmumini. Shekara goma sha tara muna tare ban taɓa kiran sunan ba, Malam nake cewa. Yau na rubuta shi, na zauna ina kallonsa.

Kafireton injinsa yana kan tebur, a cikin jarida, inda ya bar shi. Ranar Alhamis ya kwance shi ya kawo gida zai wanke. Ranar Juma'a ya faɗi a hanyar dawowa daga masallaci. Kafireton tun daga ranar ban taɓa shi ba. In zan goge tebur sai in kewaye.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kwana ashirin. Na auna garin tuwo na mutum biyu, sai da na zuba a ruwa na tuna.

Talata, 14 ga Janairu

Kwana ashirin da biyar.

Yau na duba zanen jirgin. Shekara takwas yana garin nan na ƙasar waje yana duba wa 'yan kasuwar Kano tsofaffin injina kafin su saya, ni kuwa sai bara da bazara ya samo mini takarda na zo. Tun ranar da na sauka ba jirgin ba ne ya fara nuna mini, injin ne. Can bayan gari, a garejin wani mai walda da ake ce wa Lawban Chen. Tsohon injin babbar motar Amurka, silinda takwas, girmansa ya kai ɗan maraƙi. Ya dafa shi kamar yana gabatar mini da ɗan'uwansa.

Ga yadda ya yi mini bayani, kuma ya yi ya fi sau ɗari. Kwale-kwalenmu na gida farfelarsa a cikin ruwa take, to ciyawar kachalla ta cinye ruwan namu tun daga ƙauye har kusa da Nguru, farfela na shiga sai ta naɗe. Nasa jirgin gindinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, babu abin da ke taɓa ruwa sai cikinsa. Farfelar a sama take, a baya, cikin keji, iska take turawa. Sai ya bi ta kan ciyawa, ta kan taɓo. Na ce me ya sa ba ƙaramin inji ba, wannan ai zai nutsar da ku. Ya ce ƙarami sai ya yi ta ihu kafin ya ba da ƙarfi, babba kuwa yana gunaguni yake ja. Akwai masu sa injin jirgin sama, amma in ya lalace a Nguru wa zai taɓa shi? Injin mota ko Munkaila ƙanensa zai iya kwance shi a gindin bishiya.

Bai taɓa faɗin dalilin ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Mun sani. Shekara ta biyu da aurenmu, damina, naƙuda ta zo mini a karkace. Awa bakwai muna cikin kachalla, shi da Munkaila a cikin ruwa har ƙirji suna sara da adda suna jan kwale-kwalen. Da muka isa asibiti, yarinyar ta riga ta tafi. Allah bai sake ba mu ba. Bayan wata uku na fara ganin zane a bayan takardun siminti.

Na gaji. Gobe.

Laraba, 22 ga Janairu

Kwana talatin da uku.

Alhaji Tankari ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ya kamata. Shi ne ke loda wa mutane kaya a kwantena, abokin Malam ne tun zuwansa. Ya ce Lawban zai rufe gareji na mako uku, sabuwar shekararsu ta zo, kowa zai tafi garinsu. Yana tambaya me za a yi da injin.

Na tuna keken ɗinkin Inna, in za ta yi tafiya yadda take naɗe shi. A gida abin da kake so rufe shi kake yi. Na ce a naɗe shi da leda, sosai, kada ko ƙura ta shiga. Alhaji ya ce an gama, madam, zai sa ma'aikatan garejin su naɗe shi kamar kayan da za su hau teku.

Na ji sanyi a raina. Tun rasuwar wannan ne abu na farko da na yi masa.

Takalmansa na zuwa masallaci su ma na ɗaure su a leda na sa a ƙasan gado.

Laraba, 29 ga Janairu

Kwana arba'in. Na yi masa waina, Habsatou ta raba wa waɗanda suka rage a ginin, ba su kai goma ba. Yau ce sabuwar shekarar mutanen nan. Babban titin Huanshi Lu da ba ya rabuwa da motoci, yau na leƙa ta taga na ga kare yana tsallakawa a hankali. Kowa yana da garin da ya tafi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Hamsin da huɗu. Munkaila ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, Yaya, mutanen gari suna tambayar jirgin, amma na ce musu ba yanzu ba. Na ce yana nan, a rufe, lafiya lau.

Talata, 25 ga Fabrairu

Sittin da bakwai.

Alhaji Tankari ya dawo da magana biyu. Takardar zamana a kan ta Malam take, za ta ƙare a watan Yuni, dole in koma gida. Ta biyu, yana da kwantena da za ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu ranar goma ga Mayu, ya bar wa jirgin wuri. Amma ya ce sai injin ya tashi a gaban idonsa. Ba zai ɗora wa mutanen ƙauye ƙarfe mai nauyin saniya ba, su yi ta murna, ya je ya zama wurin zaman awaki. In bai tashi ba Lawban ya san masu narka ƙarfe.

Na ce zai tashi. Malam ya tayar da shi sau biyu a kan idona.

Da ya tafi na yi tunanin kabarin. Shi ba ya shiga kwantena.

Litinin, 3 ga Maris

Saba'in da uku. Azumi ya kama.

Ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba ruwan sama ake yi ba, amma bango yana zubar da ruwa. Madubi, ƙofa, tayil, har rufin ɗaki yana ɗiga. Na wanke hijabi tun Asabar bai bushe ba, sai wari. Na buɗe tagogi duka don iska ta busar, abin ya ƙaru. Tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe ta hango ni daga baranda, ta shigo ba sallama tana ta faɗa da yarensu, ta bi tagogin tana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dafa kafaɗata ta fita. Habsatou ta yi dariya, ta ce haka garin yake duk shekara in sanyi zai fita, iskar ce da kanta take ɗauke da ruwan. A nan ba a buɗe wa iska ƙofa.

Wata goma ina garin nan, ban san komai a kansa ba. Shi ne ya sani.

Alhamis, 6 ga Maris

Saba'in da shida.

Na jawo ledar takalman zan share ƙasan gado. Cikinta duk raɓa. Takalman sun yi fumfuna, kore da fari, kamar burodin da aka manta. Nawa da ke waje a buɗe ba su yi komai ba.

Na zauna a ƙasa da su a cinyata. Sai na ji muryarsa, ba gizo ba, tunawa ce kawai. Duk Juma'a bayan masallaci yakan wuce gareji, ina ce masa ko ranar hutu ma sai ka je wurin ƙarfen nan. Yakan ce, juya shi zan yi, Turai, garin nan in ka bar inji a zaune cinye shi yake.

Mako goma sha ɗaya ba wanda ya juya shi. Ga kafireto a kan teburina, wato bakinsa a buɗe yake, tsumma kawai ya cusa. Kuma ni na sa aka naɗe shi.

Juma'a, 7 ga Maris

Saba'in da bakwai.

Na ce wa Habsatou zan je garejin. Ta ce ina takaba. Na ce na sani, ni nake ƙirgawa. Ta sa Alhaji ya tambayi malamin da ke ja musu salla, ya ce in da larura mace tana fita da rana, ba ado, ta dawo kafin magariba. Habsatou ta ce matan hawa na shida za su yi magana. Na ce su yi, dama ba sa zuwa.

Litinin, 10 ga Maris

Tamanin.

Jirgin ƙasa biyu, sannan bas. Habsatou ta rufe shago ta raka ni. Na ga mutane da yawa har kaina ya yi nauyi.

Lawban Chen gajere ne, gashinsa ya yi fari, yatsunsa duk tabon walda. Da ya gan ni ya cire hula. Jirgin yana tsakar gareji, farin ƙarfe, mai faɗi kamar ɗaki, kejin farfela a tsaye a bayansa. Injin yana gefe a kan katako, a naɗe kamar gawa. Allah ya yafe mini, haka na gani.

Ta waya muke magana, ya faɗa da yarensu ta fassara mana. Ya ce yana garinsu aka naɗe. Da ya dawo ya gani bai ji daɗi ba, amma aka ce umarnin matar mamacin ne, shi kuma a wurinsu ba a taɓa kayan wanda ya mutu sai iyalinsa sun ce. Shi ya yi kara, ni na yi kara, injin yana ciki yana shan ruwa.

Da aka yanka ledar ruwa ya zubo har kan ƙafata. Tsumman da Malam ya cusa ya jiƙe sharkaf. Lawban ya kwance filogi takwas, biyar sun fito ja da tsatsa. Ya ɗauko sifana mai dogon hannu, ita ce ta Malam, na gane ta da jan zaren da ya ɗaura, ya sa a babban noti na gaba, ya danna da duk ƙarfinsa. Ko motsi. Ya girgiza kai ya ce meyo. Wannan kalmar ko ni na sani. Babu.

Ya ce aikin bajekolin 'yan kasuwa da ke tafe ya yi masa yawa, ba shi da hannun da zai zauna a kan inji guda. Wayar ta ce, ya cije.

A bas Habsatou ta ce ba laifina ba ne. 

Talata, 11 ga Maris

Shekara goma sha bakwai yana tara abin nan. Ni mako shida ya ishe ni.

Asabar, 15 ga Maris

Tamanin da biyar.

Na juya littafin ta gefensa, na bi shafi-shafi. Yawancin ban gane ba. Akwai inda ya zana bel tsakanin inji da farfela, ya rubuta inji ya juya biyu, farfela ɗaya, in ba haka ba bakinta zai yi ta kuka ba ƙarfi. Akwai lagireto babba, ya ja layi a ƙasa, ba za a sha ruwan fadama ba, taɓo ne. Akwai wurin zama ɗaya da ya zana dogo, a kwance, da rumfa a kai. Bai rubuta na waye ba.

Can kusa da tsakiya na samu abin da ya rubuta wa Munkaila, don in an bar jirgin a zaune da rani. In ya cije: cire filogi duka. Haɗa baƙin mai da kananzir, zuba a kowane rami. Bar shi kwana uku. Gaba kaɗan, baya kaɗan. Kada ka yi masa dole, zai karye. Sake zubawa.

Wannan ai ba ƙarfi yake so ba. Zama yake so. Ni kuwa ba abin da nake da shi sai zama.

Na je ni kaɗai yau. Na nuna wa Lawban shafin, wayar ta kasa karanta rubutun Malam, sai na yi da hannu. Ya dube ni, ya dubi hijabina, ya kawo mini mazurari da kujera.

Litinin, 24 ga Maris

Casa'in da huɗu. Zuwa na huɗu. Silinda uku sun shanye man, biyar suna riƙe da shi. Ina rataya a jikin sifanar da azumi a bakina, gaba kaɗan, baya kaɗan, har hannuna ya yi kanta. Ma'aikatan sun daina kallona. Da rana in za su ci abinci sai su koma bayan jirgin, ban san wa ya gaya musu ba.

Ina yi masa magana. Injin nake nufi. Ina jin.

Litinin, 31 ga Maris

Ɗari da ɗaya. Yau Salla a nan. Ina jin su a matakala, turare, takalma sababbi. Habsatou ta kawo mini kaza da dambu, ta zauna minti biyar, baƙi suna jiranta. Bara war haka ina gida ina haɗa akwati, yana kira yana cewa kada in manta da daddawa.

Na buɗe jaridar da ke kan tebur. Na wanke kafireton da fetur da tsohon buroshin haƙori, yadda na ga yana yi. Ɗakin ya ɗauki warinsa. Na bar tagar a rufe.

Talata, 8 ga Afrilu

Ɗari da tara.

Ya motsa.

Ba da yawa ba, faɗin farce. Na ɗauka sifanar ce ta zame. Na mayar baya, ya biyo ni. Na kira Lawban, ban san da wane yare ba. Ya zo ya sa hannunsa a kan nawa, muka yi gaba, muka yi baya, muka yi gaba. Kafin la'asar ya zagaya sau ɗaya cif, jan mai yana tsartowa daga ramukan ya ɓata mini hijabi. Lawban ya ajiye aikin bajekolinsa ya ce gobe zai buɗe kan injin da kansa.

A bas wata mata ta matsa nesa da ni saboda wari. Ban ji haushi ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ɗari da ashirin.

Silinda biyu tsatsa ta ci bangonsu, ya goge, ya sa sababbin zobba. Sauran sun tsira. Na koyi sa filogi, da hannu tukuna, sifana daga baya. Na koyi jerin wayoyin, takwas ne, in ka sauya biyu zai yi ta tari. Na rubuta jerin a gefen Malam, ƙarƙashin rubutunsa, don Munkaila.

Na kai kafireton a jakata, cikin zanen da nake ɗaurawa. Teburin ya zama fili. Na goge shi duka, ban kewaye komai ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

An ɗora shi a kan jirgin da sarƙa, an ɗaure jirgin a ginshiƙai biyu. Alhaji Tankari ya zo da farar shadda, ya tsaya daga baya yana riƙe da waya zai ɗauka. Lawban ya yi masa alama ya matsa, Alhaji ya ce yana gani daga nan.

Lawban ya miƙo mini makullin. Na ce a'a. Bai janye hannunsa ba.

Na farko tari. Na biyu tari da hayaƙi. Na uku ƙasa ta girgiza, na ji shi a haƙorana, a cikina, wannan gunagunin da Malam yake faɗa. Farfelar ta ɓace, sai inuwarta. Kwalaye suka tashi, rigunan ma'aikata suka bar igiya, hular Alhaji ta haye katanga ta faɗa garejin maƙwabta, shaddarsa ta rufe masa fuska yana ta lalube.

Wani sauti ya fito daga bakina. Habsatou ta ce dariya ce. Ƙarar ta yi yawa, ba wanda zai iya tabbatarwa.

Da aka kashe, Alhaji ya gyara rigarsa ya ce, goma ga wata, madam. Sannan ya juya baya ya daɗe yana neman hular da ya san inda take.

Talata, 29 ga Afrilu

Da safe ina zaune ina kwafe wa Munkaila abubuwan da za a kiyaye. Jirgin ba shi da birki, ba ya ja da baya, kada kowa ya tsaya a bayansa. A kwantena kada a naɗe injin a leda, a shafa mai, a sa buhunan da ke shan laima, Lawban ya ba ni goma. Na kira Munkaila na ce ya nemo kududdufin da za a gwada jirgin kafin ruwa ya cika. Ya ce wa zai nuna musu yadda ake tayarwa. Na ce ai ina zuwa.

Sai ga Habsatou da kwano a rufe da sabuwar atamfa a hannu. Na ce bikin wa ake yi. Ta tsaya tana kallona. Ta buɗe kwanon, lalle ne.

Ta ce, Turai, yau ɗari da talatin.

Na koma shafukan baya na duba. Gaskiyarta.

Gobe zan je kabarin Malam, karo na farko, in gaya masa injin ya tashi. Na leda ma zan gaya masa. Zai ce ai na faɗa miki, garin nan.

Ta kama hannuna za ta sa lallen, ta ga baƙin mai a ƙasan farce, ta ce in je in kankare tukuna. Na ce ta sa a haka. Ranar Alhamis akwai ƙarin ɗaurin bel ɗin farfela.